Ƙwayoyin da Na Rena Shekara Huɗu, Ashe Nawa Ne

Anti,

Ki agaza mini da shawara, don wanda na saba tambaya ya riga ya ba ni tasa, kuma ta ƙi zama a cikina. "To wa ya aike ki?" Abin da maigidana ya ce ke nan shekaranjiya da safe, yana ɗaure wa ƙaramarmu igiyar takalmi, ko ɗago kai bai yi ba. "Mutum ya yi shekara huɗu yana gini, saura fenti kawai, sai ya ɗauko guduma wai zai ji ko bangon na da ƙwari?" Na ce masa ba ni na ce a bincika ba. Ya ce to, tunda ni kaɗai na ga sakamakon, in ci gaba da zama ni kaɗai. Ya ɗauki makullin mota, ya ce yara su yi mini sallama.

Bari in koma farko. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, mu ba a koya mana taƙaitawa ba, cika shafi aka koya mana.

Ni ɗaliba ce mai neman digiri na uku, saura mako shida in kare kundina. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wanda muke ce wa lab, a hawa na biyu na wani asibitin koyarwa. Muna nazarin masu ciwon hanta irin wanda bairos ke kawowa, ya zauna a jiki shekara da shekaru. A jinin kowane mutum akwai ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shi ne su gane inda bairos ya ɓuya su kashe shi. In cutar ta daɗe, ƙwayoyin nan sukan gaji. Ba ni na ƙirƙiro kalmar ba, haka take a littattafanmu. Suna nan da ransu, suna kallon abokin gaba, amma ko hannu ba sa iya ɗagawa. Duk wanda ya daɗe a ofis ɗaya ya san yanayin.

Ga yadda muke yi. Mukan ɗebi jinin majiyyaci da izininsa, mu juya shi a inji har fararen ƙwayoyin su taru kamar siririn zobe a tsakiyar kwalba. Mu tsotso su, mu zuba a wani faranti mai ƙananan ramuka casa'in da shida, da ruwan abincinsu ja-ja, mu sa a akwati mai ɗumin jikin mutum. Duk kwana uku sai an sauya ruwan, ba ruwansu da ranar hutu ko zazzaɓin ɗanki. In sun yi yawa sai mu gwada halinsu. Mukan shafa musu rini kala-kala, kowane rini da alamar da yake manne wa a jikin ƙwayar, mu tura su cikin wani inji da ke wuce da su ɗaya bayan ɗaya a gaban haske yana ƙirgawa. Akwai alamar da in ta yi yawa, kin san ƙwayar ta gaji. Sannan mukan jefa musu ɗan gutsuren bairos mu bar su su kwana da shi. Duk wadda ta harzuƙa ta fitar da sinadarin yaƙi, sai ta bar ɗigo shuɗi a ƙasan ramin. Washegari mu ƙirga ɗigo. In an tambaye ni me na yi da ƙuruciyata, amsar ke nan, ɗigo na ƙirga.

Yanzu ga inda ta kwaɓe. Ƙwayoyin majiyyaci ba sa son girma su kaɗai, sai an zuba musu fararen ƙwayoyin wani mai lafiya su zama 'yan reno. Amma kafin a zuba 'yan renon dole a kashe musu ƙarfin hayayyafa, ko da injin haskawa ko da wani magani, don su yi aikinsu na 'yan kwanaki su mutu, su bar wa masu gida gidansu. A ƙa'ida, daga ma'ajiyar jini ta asibiti ake samo wannan jinin. To ma'ajiyar jini tana da masu haɗarin mota da masu haihuwa a layi, ba ta da lokacin farantinmu. Saboda haka a lab ɗinmu, tun kafin zuwana, wanda yake kusa shi ke miƙa hannu. Kowa ya sani, ba wanda ya rubuta. Babbar ma'aikaciyarmu, wadda muke kira Uwar Lab, ita ke ɗiba. Tana da hannu, ba kya jin shigar allurar. Takan ce mini, "Zo nan, 'yar nan. Jijiya kamar tiyo, ai zunubi ne a bar ta tana zaman banza." Ita ta koya mini riƙe kwalba, ita ta koya mini yin shiru in Farfesa na magana.

A shekarata ta farko injin haskawa ya lalace na tsawon wata guda. Sai na koma ga maganin. Kwalbar da na tarar a firij an daɗe da haɗa ta, kwanan watan da ke jikinta ya goge. Maganin nan ba ya son daɗewa, na sani yanzu, kuma gaskiya a lokacin ma na sani. Ina cikin aikin aka kira ni daga makarantar babban ɗana cewa jikinsa ya yi zafi, sai na rage lokacin da ya kamata 'yan renon su jiƙa a cikin maganin. Jinin reno na ranar nawa ne. Majiyyacin kuwa mai lamba goma sha huɗu ne, wani dattijo da ya yi shekara ashirin da cutar. A wannan karon ne kuma na gwada wani haɗin abinci na kaina, na sauya lokacin da ake zuba sinadaran girma guda biyu.

Bayan mako uku ramukan lamba sha huɗu suka cika taf. Alamar gajiya kusan babu. Ɗigo kuwa sun rufe ƙasan rami har ba sa ƙirguwa. Farfesa, shugaban lab ɗin kuma mai duba kundina, wanda sai ya yi wata bai leƙo bencin da nake aiki a kai ba, ya tsaya a kan farantin ya fi minti goma. Ya ce, "Ke, me kika ba su?" Na ce haɗina. Daga ranar haɗin ya zama abin magana: wai mun gano yadda ake farfaɗo da ƙwayoyin da suka gaji. Muka daskarar da su a ƙananan kwalabe sittin cikin tulun sanyi, muna narkar da ɗaya duk lokacin da muke bukata. An nuna hotonsu a taro uku. Na gwada haɗin a kan majiyyata ashirin da bakwai bayansa. Wasu sun ɗan motsa, yawanci ko gezau. Muka ce ruwan abincin ne ya sauya. Muka ce wuta ce ke yawan ɗaukewa. Muka ce injin rini na bukatar gyara. Mai ilimi in yana son abu ya zama gaskiya ba ya rasa dalili, kusan abin da aka tura shi jami'a ya koyo ke nan.

Watan jiya malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ni ya karanta kundin. A gefen shafi, da fensir, ya rubuta layi ɗaya: a tabbatar da asalin ƙwayoyin lamba sha huɗu da gwajin DNA. Farfesa ya ce cika takarda ne kawai, in aika a wuce wurin. Na aika. Sakamakon ya shigo wayata ina tsaye a layin biyan kuɗin kanti. Layin farko ya ce ƙwayoyin na mace ne.

Na ce masu gwajin ne suka yi kuskure. Na ciro kwalba daga cikin waɗanda muka fara daskararwa, na goga auduga a cikin kumatuna don a samu nawa DNA ɗin, na sa mata lambar ƙarya, na aika su tare. Amsa ta dawo cewa mutum ɗaya ne. 'Yan renon ba su mutu ba, Anti. Sun ci abincin, sun hayayyafa, sun danne ƙwayoyin dattijon har suka ƙare, tun makon farko. Kuma dalilin da ya sa suka gane bairos ɗin ba wani abin al'ajabi ba ne. Duk ma'aikacin lab sai an yi masa allurar rigakafin ciwon hanta kafin ya fara aiki. Ƙwayoyina sun san abokin gaban sarai, a ƙoshe suke, ba su taɓa yaƙin shekara ashirin ba. Duk faɗin ginin nan ba wanda ya kai ni gajiya, amma ƙwayoyina ne aka yi ta yawo da hotonsu a matsayin waɗanda ba su san gajiya ba. Da labarin wata ne da na yi dariya.

Kundina babi shida ne, uku a kan ƙwayoyin nan suke tsaye. In na yi magana, a mafi sauƙi shekara ɗaya ko biyu ce ta ƙaru. A mafi muni a soke komai, don amfani da jinin ma'aikacin lab saɓa ƙa'ida ne, kuma za a tambayi wa ya ɗiba. Uwar Lab saura mata wata takwas ta yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kiran sunanta a gaban kwamiti ba. Farfesa mutumin kirki ne muddin labarin mai daɗi ne. Na taɓa ganin yadda ya yi da wata da aikinta ya rushe, cewa ya yi, "Yarinyar nan dama ba ta da hannu," ya ci gaba da shan shayinsa. Na tabbata ranar da na shiga ofishinsa zai manta cewa shi ma ya taɓa naɗe hannun riga a gaban Uwar Lab. Kuma yanzu haka yana shirin aika kwalabe goma na ƙwayoyin nan ga wasu abokan aikinsa a wata ƙasa.

Ga kuma Ummata. Ta rufe ɗakinta ta dawo wurinmu shekara uku ke nan don ta riƙe mini yara. Gwiwarta na ciwo, gidanmu kuma bene ne. Tana ƙirga makonnin nan shida fiye da ni. Tun bara take kirana Dokta, in na ce ta bari sai ta ce, "Ke dai yi mini shiru, bakin uwa ne." Maigidana ma ba mugu ba ne. Shekara huɗu yana cin abincin da aka ɗumama, yana zuwa taron iyayen yara shi kaɗai a cikin mata. Da ya ce in yi shiru, na ga gajiya ce ke magana.

Sai dai shiru kaɗai ba zai wadatar ba, wannan ne bai gane ba. Malamin yana jiran takarda. Kuma akwai hanya. Muna da ragowar jinin dattijon a firiza. In na raba shi biyu, na rubuta wa ɗaya sunan ƙwayoyin, na aika, sakamako zai dawo cewa mutum ɗaya ne, namiji. Aikin minti goma ne. Ba wanda ya ba ni wannan dabarar. Ni ta zo wa, kuma saurin da ta zo da shi ne ya fi ba ni tsoro.

Jiya da la'asar ina sauya ruwan faranti, Uwar Lab na goge benci a bayana. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "'Yar nan, takardar nan taki har yanzu ba ta zo ba?" Na ce ba ta zo ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta ce Allah ya kawo ta lafiya. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai jiya. Na mayar da farantin akwati, na cire safar hannu, na rataye farar rigata. Ƙofar lab ɗinmu irin mai rufe kanta ce a hankali. Na tsaya a baranda har na ji ta rufe, sannan na sauka.

Me zan yi?

Mai Ƙirga Ɗigo


'Yar'uwa Mai Ƙirga Ɗigo,

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Ban san aikin lab ba, amma kin bayyana shi yadda na gane, kuma na lura da wani abu: mace mai niyyar raba jini biyu ba ta zama ta rubuta shafi huɗu tana bayanin yadda za ta yi. Ina jin kin san amsar, abokiyar tafiya kike nema. To ga ni.

Abin da ya faru shekara huɗu da suka wuce kuskure ne. Uwa ce aka kira daga makaranta, ga inji a lalace, ga tsohon magani, ga ɗabi'ar da kika tarar ana yi. Kina da naki kason laifin, kin kuma faɗe shi da bakinki. Abin da kike tunanin yi da jinin firiza kuwa sunansa daban, kuma ba kwamitin da zai kira shi kuskure. Yau ke ce ɗalibar da ta gano ɓarnar da kanta, ta sake gwadawa don ta tabbatar. Wannan matsayin yana da daraja, amma ba ya daɗewa. Kowane mako da takardar nan ta yi a wayarki yana rage shi.

Ban raina maganar maigidanki ba. Yana da gaskiya cewa abin zai yi tsada, kuma ba ke kaɗai za ki biya ba. Gwiwar Umma gaskiya ce, shekara talatin da ɗaya na Uwar Lab gaskiya ne. Amma ki zaunar da shi ki gaya masa abin da kika gaya mini, cewa ba shiru ake nema a wurinki ba, takardar jabu ce. Sannan ki tuna masa da kwalabe goman da za a aika waje. Waɗancan mutanen za su yi nasu gwajin, yau ko baɗi, kuma ƙwayoyin ba za su sauya jinsi don su rufa miki asiri ba. A ranar za a ɗora sakamakonsu kusa da naki mai ɗauke da sa hannunki. Ko ta fuskar lissafin tsira ma, hanyar nan ba ta ɓullewa. Balle kuma akwai masu ciwon da ake wannan aikin dominsu, waɗanda wasu za su ɓata shekaru suna gwada musu haɗin da ba ya aiki.

Ki fara da Uwar Lab, gobe, kafin kowa. Ki janye ƙaryar da kika yi mata, ki nuna mata takardun. Kallon da ta yi miki ya nuna ba za ta sha mamaki sosai ba. Kada ki nemi ta ɓoye komai, kada kuma ki bari ta ji labarin daga bakin wani. Tana da haƙƙin ta shirya.

Daga nan sai Farfesa, kuma a rubuce. Mutumin da kika kwatanta ba a tarar sa da irin wannan labari a tsaye a baranda. Ki rubuta takarda mai kwanan wata, ki haɗa sakamakon biyu, ki nemi zama da shi tare da mai duba ki na biyu ko jami'in da ke kula da ɗaliban manyan digiri. Ki riƙe kwafi. A ciki ki faɗi naki da farko, tsohon maganin da rage lokacin. Sannan ki rubuta a fili, ba zargi ba ado, cewa amfani da jinin ma'aikata abu ne da kika tarar ana yi kuma kowa ya sani. Wannan layin shi ne kariyar Uwar Lab, don ya mayar da abin matsalar lab gaba ɗaya, ya hana a rataya shi a wuyan mace ɗaya. Ki nemi a dakatar da aika kwalaben nan take.

Kada ki shiga hannu rabbana. Na tuntuɓi wata masaniya mai irin aikinku ba tare da na faɗi komai da zai nuna ki ba. Ta ce awon da kika yi wa majiyyata ashirin da bakwai aiki ne na gaske, kuma nuna cewa haɗin bai farfaɗo da ƙwayoyinsu ba shi ma sakamako ne da ake rubutawa. Ki zauna ki tsara yadda kundin zai tsaya a kan wannan da babi ukun da suka rage, ki shiga da shi a hannu. Ba zan yi miki alkawarin za su karɓa ba. Wataƙila ki rasa shekara. Wataƙila abin ya fi haka zafi, Farfesa ya juya miki baya na ɗan lokaci ko na dindindin. Ina gaya miki ne don kada ki ce ban faɗa ba.

Umma kuma ki gaya mata da kanki, da Hausar da za ta gane, sannan ki sallame ta ta koma ɗakinta a lokacin da aka yi mata alkawari, ko kin gama ko ba ki gama ba. Ta yi nata. Ke da baban yaran ku sake tsarin gidanku, a nemi mai taimako, a rage abin da za a iya ragewa. Kuma in kin miƙa takardar, ki ɗauki hutun mako guda ki yi barci. Wani ya sauya ruwan farantin.

Dattijon nan mai lamba sha huɗu ya miƙa hannunsa ne don a binciki ciwonsa. Ki bar jininsa inda yake.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya ranar da za ki ƙwanƙwasa ofishin, ya sassauta zukatan da za ki tarar a ciki, ya ba Umma lafiyar gwiwa.

Antinku